Lambar Jannatu a Bangon Wani

An yi wani mutum a nan Maiduguri, ba zan kama suna ba, mai shagon buga takardu a Bulabulin. Wata rana aka aiko masa da takardar shaida ya sa mata leda, irin ta masu ba da shawara kan juya dukiya, wadda sai an ci jarrabawa ake samu. Shaiɗan ya raɗa masa: ga karatun shekara uku a tafin hannunka. Ya kwafe ta, ya goge sunan mai ita, ya ɗora nasa. Lambar rajista kuwa ya bar ta, wai wa ke karanta lamba?

Ya buɗe ofis a Bolori, ya rataye takardar a bango. Ya 'yan'uwa, mutumin da ko littafi ɗaya bai buɗe ba, shi ke gaya wa 'yan fansho inda za su zuba guminsu! Wanda ya yi asara, ya ce masa ƙaddara ce.

Sai ga Alhaji Hamid, mai shanu, zai sayar da garkensa kaf ya damƙa masa kuɗin. 'Yarsa Jannatu ta yi wannan karatu, amma Alhaji ya rantse 'yar cikinsa ba za ta koya masa riƙon dukiya ba. Ya taho da ita ne kawai ta karanta masa Turanci kafin ya sa hannu. Mutumin naku har ya fara zaɓen mota a zuci, bai lura bango take kallo ba.

Ta ce, "Malam, sau nawa ka zauna jarrabawar nan?"

Ya ce, "Sau ɗaya tak."

Ta ce, "Ni sau uku, da goyo a bayana. Abba, ajiye biron nan. Lambar can tawa ce."

Ta juya wa bangon baya, ta kawo lambar da ka, ba gargada.

Allahu Akbar! Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hukumar jarrabawa ta tabbatar, aka garƙame ofis, kotu ta sayar da gidansa ta biya mutane, shi kuma yana gidan yari. Shanun Alhaji suna nan suna kiwo, kuma yanzu ko ɗan maraƙi ba ya sayarwa sai ya ce, "A kira min Jannatu."

Ya 'yan'uwa, wanda ya ha'inci jama'a kansa ya ha'inta. Ka goge sunan wani a takarda, wa zai goge maka naka a littafin mala'iku? Ku bincika shaida kafin ku miƙa dukiya.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani, ya sa albarka a ilimin da aka sha wuya a kansa. Amin.