Kansila Mai Dogon Wuya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Dabbobin Unguwar Ramuka ne suka tashi zaɓen kansila. Kurege, sarkin iyayi, ya ce, "Mu zaɓi Raƙumin Dawa. Ko a bayan taro ya tsaya, dole Ciyaman Zaki ya gan shi."

Aka zaɓe shi da guɗa.

Damina ta faɗi, ruwa ya cika ramuka. Bushiya ta zo gindin ƙafarsa da 'ya'yanta jiƙe sharkaf, ta ƙwala murya: "Ranka ya daɗe, a haƙa mana magudanar ruwa!"

Daga can sama ya ce, "Wa ke gaisuwa? Ina amsawa!"

A majalisa Zaki ya tambaye shi damuwar jama'arsa. Ya ce, "Ganye ya yi ƙaranci." Aka ƙara dasa itatuwa.

Bushiya ta ce, "Ku bar ni da shi. Duk tsawonsa yana jin ƙishi."

Ta laɓe a bakin tafki. Ya zo ya ware ƙafafu, ya sunkuyo da ƙyar. Caraf ta faɗa cikin kunnensa, ta baza ƙaya.

"Wayyo! Wane ne?"

"Mai gaisuwar nan ce. Magudana! Kuma ba zan sauka ba sai a gaban Ciyaman."

Da gudu ya isa majalisa yana ihu, "Magudana! Magudana!" Kafin wani ruwan ya sauko an haƙa.

Namu kansilan kuwa, yara, ku jira shi a bakin akwatin zaɓe. Can yake sunkuyowa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a tashi a kwanta.