Man Kifin Ƙarya

An yi wani mutum a Talata Mafara, yana da shagon magani a jikin zauren gidansa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

A shekarun nan wani magani ya shigo gari, man kifi na ƙananan yara, wanda ake kira omega. Mata suka ji an ce yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro da idonsa. Wace uwa ce ba ta son ɗanta ya tashi da basira? Sai dai na gaskiyar ba kowa ke iya sayensa ba.

Sai Shaiɗan ya raɗa wa mutumin nan dabara. Ya riƙa tara tsofaffin kwalabe. Ya samo man gyaɗan da masu tuyar kifi suka gama da shi, ya tace, ya ɗura, ya liƙe baki. In an buɗe, ƙarnin kifi ya bugi hanci. Wa zai yi musu?

Yawancin masu saye matan da 'yan bindiga suka koro ne daga Gidan Goga da ƙauyukan Maradun. Mace za ta zo da goyo, yaro ya rame, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Maimakon ya tura ta asibiti, sai ya ce, "Baiwar Allah, mi za ki yi asibiti? Ba shi cokali guda safe da marece. In zawo ya kama shi ki ƙara mai, dauɗar ciki ce ke fita."

Matarsa Amatullahi tana jin wannan magana kullum daga tsakar gida. Suna da ɗiya, Bushra, ba a daɗe da yaye ta ba. Bai taɓa ba yarinyar man nan ba, bai kuma taɓa gaya wa uwar abin da ke cikin kwalba ba. Da wane baki zai faɗa?

Wata rana ya ɗauki kwalin man ya tafi cin kasuwa wani ƙauye gaba da Maradun. Yana can 'yan bindiga suka tare hanya. Mota ba ta shiga, ba ta fita, ƙauyen kuma waya ba ta kamawa.

A kwanakin nan zawo ya kama Bushra. Amatullahi ta shiga shago ta ɗauko kwalba. Zawo ya ƙaru, ta ƙara cokali. Maƙwabciyarta Hauwa'u ta ce, "Ke, kai ɗiyar nan asibiti." Ta ce, "Malam ya ce dauɗa ce ke fita. Ai shi ya san magani."

Da aka kai ta daga baya, ruwan jikinta ya riga ya ƙare.

Ranar da hanya ta buɗe, ya dawo ya iske tabarmi a ƙofar gidansa, mutane zaune. Ya shiga ciki. Matar ba ta yi kuka ba. Ta miƙo masa kwalbar, ta ce, "Malam, na yi duk yadda kake gaya wa mata. Ina na yi kuskure?"

Ta dubi fuskarsa, ta gane. Bayan addu'ar bakwai ta koma gidansu a Morai, har yau ba ta dawo ba.

Ya rufe shago, ya fasa kwalaben. Ya je wajen liman ya ce yana son tuba. Liman ya ce, "Haƙƙin Allah, Allah na yafewa. Haƙƙin mutane fa, sai ka nemi masu shi."

Ya fita nema. Amma ina zai same su? 'Yan gudun hijira ne, sun watse, wasu Bakura, wasu inda Allah kaɗai ya sani. Bai taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Bai san yaran da suka rayu ba, bai san waɗanda aka rufe ba. Yanzu in ya ga mace da goyo a tasha sai ya tsare ta yana cewa, "Ko kin taɓa sayen magani wurina?" Mata na kaucewa, ana cewa ya taɓu.

Ya 'yan uwa, magani na gaskiya ba shi da laifi in masani ya ce a ba yaro. Algus ne laifi. Mai algus yana zaton ƙaryarsa ta tsaya a bakin shago, alhali na cikin gidansa ne suka fi kowa yarda da shi. Kuma akwai zunubin da za ka so biya, ka rasa wanda za ka biya.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar raunana, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu ikon tuba tun masu haƙƙi na kusa. Amin.