Durƙusa In Naɗa Ka

Tun ranar da Sarkin Kasuwa Ɗanjummai ya ji cewa "Manjo", laƙabin maƙwabcinsa tsohon soja, daga yaren Latin ya samo asali, wai "wanda ya fi girma", tuwo ya daina yi masa daɗi. Ya sa aka kira Jatau mai shayi, wanda ya tsinci Latin lokacin da yake kukun wani Fada, limamin Kirista, a mishan.

Ya ce, "Ka samo mini sarauta a yaren nan wadda babu kowa a samanta. In ka kasa, gobe rumfarka ta zama ta wani."

Jatau ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Magnus shi ne babba. Mayor ya fi shi, daga nan Manjo ya fito. Maksimus kuwa ya fi kowa."

"Ita nake so!"

"To, ai sarauta ba a tsintar ta a hanya, naɗawa ake yi. Tuɓe takalmi ka durƙusa in naɗa ka, ka yi mini gaisuwa."

"Ni? A gaban mai shayi?"

"Duk kasuwar nan ni kaɗai na san yadda ake naɗa ta. In ka durƙusa, mai shayi yana samanka, sarautar ta zama ƙarya. In ka ƙi, babu naɗi. Zaɓi ɗaya, ruwana na kan wuta."

Sarkin Kasuwa ya dubi jama'ar da ta taru, ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Tashi ka ba ni wuri. Koma rumfarka."

Jatau ya miƙe ya ce, "Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. Ga alama akwai sauran wurin ƙari."