Farin Wake Bakwai, Ja Uku

Ku matso kusa, ku mayar da wayoyin nan aljihu. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshensa ba zan raba muku gardama ba, ku za ku yi abarku.

An yi wata yarinya mai suna Barira, 'yar Malam Isiyaku, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana sharar ɗan asibitin ƙauyensu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, shi ya raine ta. Burinsa a duniya ɗaya ne: ya ga 'yarsa cikin fararen kaya a asibitin nan da yake sharewa, mata suna layi suna ce mata malama. Allah ya taimake shi ta samu makarantar koyon aikin lafiya a birni. Allura, awon ciki, wankin ciwo, duk Barira ta iya su kamar da su aka haife ta. Darasi ɗaya ne ya tsaya mata a wuya, wato ƙididdiga, lissafin nan da ake auna yawan abu da yiwuwar faruwarsa. Sau biyu tana zama jarrabawarsa tana faɗuwa. Dokar makarantar kuwa, wanda ya faɗi na uku sai ya tattara kayansa.

Ana saura 'yan makonni zama na ukun, ciwo ya kwantar da Malam Isiyaku. Likita ya duba shi, ya gaya wa Barira gaskiya ta waya: ciwon ba na tashi ba ne, amma cikin mutum goma da suka kai inda ya kai, bakwai sukan ƙara wata biyu ko fiye. Barira ta ajiye waya ta jawo jakarta tana kuka, za ta tafi gida ta yi jinyar ubanta, karatu ya sha ruwa. A nan ne mata uku suka shigo cikin maganar.

Ta farko Sahura, 'yar ajinsu, wadda lissafi yake bi kamar raƙumi da akala. Ita ta riga ta ci wannan darasi tuntuni. Ta ƙwace jakar, ta zaunar da Barira, ta je ta samo ƙoƙo ta zuba farin wake bakwai da ja uku. Ta ce, "Rufe ido ki ɗauko ɗaya." Barira ta ɗauko fari. Aka mayar, aka girgiza, ta sake ɗauka. Haka suka yi ta yi har hannu ya gaji, farin nan shi ke ta fitowa, jan sai jefi-jefi.

Sahura ta ce, "Kin ga abin da likita ya gaya miki ke nan. In kin tafi yanzu, kora ce goma cikin goma, kuma baƙin cikinta zai riga ciwon ƙarasa Baba. In kin zauna, bakwai cikin goma za ki same shi da rai, ki kai masa albishir da bakinki."

Barira ta ce, "Sahura, rai fa a hannun Allah yake, ba a ƙoƙo ba."

"Na sani. Shi ya ba mu hankalin aunawa kuma."

Wannan ne karo na farko da darasin ya shiga kan Barira, don kuwa an yi mata shi da ran ubanta. Daga ranar Sahura ta ajiye nata karatun, ta dinga ƙirƙiro mata tambayoyin gwaji safe da yamma. Jarirai kaza aka auna, nawa ne matsakaicin nauyinsu? Mata kaza suka zo awo, kaza jininsu ya hau, in aka kira ɗaya ba zaɓe, mene ne yiwuwar tana cikinsu? In Barira ta kuskure sai a koma ƙoƙo. Ba a daɗe ba ta fara amsawa tun ba a rufe baki ba. Ita kuwa Sahura, a wani darasin nata da ta yi wa sakaci, da ƙyar ta tsallake.

Ta biyu Uwani, 'yar ƙanen Malam Isiyaku, tana aure a wani ƙauye can gaba. Da ta ji halin da ake ciki sai ta roƙi mijinta, ta bar 'ya'yanta wurin surukarta, ta goyo na nono ta tare a gidan baffanta. Ita ce dama kunu, ita ce wankin shimfiɗa, ita ce korar ƙuda, ita ce tallafe kansa in amai ya taso. Wanda bai yi jinyar tsoho ba bai san abin da nake faɗa ba, kada ma ya gyaɗa mini kai. Tun da sauran ƙarfinsa Malam Isiyaku ya kama hannunta ya ce, "Uwani, ko me ya faru kada ki ɗaga wa yarinyar nan hankali. Ki bar ta ta gama." Ta ce, "To, Baffa."

Ta kuwa riƙe. Kullum Barira ta kira, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, yau ma ya sha kunu." Amma da jiki ya yi nauyi, tsoho ya manta da abin da ya faɗa. Ya koma kallon ƙofa, ko kaza ce ta motsa labule sai ya ce, "Barira ce?" Uwani ta ce, "Tana hanya, Baffa." Ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke ido, waya ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce da sauƙi. Maganarsa ta farko ta bi, ta ƙi bin ta ƙarshe.

Ta uku Lantana, abokiyar ɗakin Barira, mai surutu da tsokana, wadda ko sirrin sabon takalmi ba ta iya riƙewa. Ranar jarrabawa da hantsi ta rako Barira har bakin zaure. Ba a shiga da waya, don haka Barira ta miƙa mata tata, ta juya tana bitar ƙarshe da Sahura. Wayar ta yi motsi a hannun Lantana. Ta koma gefe ta ɗauka, sai muryar Uwani: Baffa ya cika yanzun nan, za a kai shi da an yi azahar. Lantana ta san hanyar ƙauyen. In Barira ta hau mota a lokacin, za ta tarar da shi kafin a fita da shi, ta ga fuskarsa, ta yi masa addu'a a kansa. In ta shiga zauren nan, sai dai ta tarar da tabarmin zaman makoki.

Barira ta waiwayo ta ce, "Wa ya kira?"

Lantana ta yi dariya, Allah kaɗai ya san inda ta samo ta. Ta ce, "'Yan kamfanin layi ne da tallarsu. Ke dai shiga ki ba su kashi." Ta gyara mata hijabi, ta danƙa mata biro, ta tura ta ciki. Sannan ta je gindin darbejiya ta zauna, ta toshe baki da mayafi don kada kukanta ya kai taga.

A ciki kuwa Barira ta buɗe takarda, tambayar farko jaka ce da fararen duwatsu da jajaye. Har murmushi ta yi. Ta amsa duka, ta fito da gudu tana neman wayarta ta gaya wa Baba. Idon Lantana kawai ta gani, ta zube a ƙasa.

Ta isa ƙauye bayan la'asar, maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Lissafin Sahura bai yi ƙarya ba, bakwai cikin goma ne, amma jan wake ne ya fito. A zaman makoki wata tsohuwa marar riƙon baki ta gaya mata yadda ya yi ta kiran sunanta yana kallon ƙofa. Wannan magana ta fi mutuwar kanta yi mata ciwo, kuma har yau ba ta sake ta ba.

Sakamako ya fito, Barira ta ci, har da yabo. Aka tura ta asibitin ƙauyensu. Takan sa fararen kayanta ta bi ta barandar da ubanta ya yi shekaru yana sharewa, mata suna ce mata malama, shi kuwa bai gani ba. Ta daɗe ba ta ɗaga wayar ko ɗaya daga cikin ukun nan. Daga baya ta zauna ta yi tunani: ba don Sahura ba da ba ta iya ba, ba don Uwani ba da ba ta zauna ba, ba don Lantana ba da ba ta shiga zauren ba. Ta kuma san cewa da ɗaya tak a cikinsu ta sassauta, da ta ga ubanta, ko da rai ko a kan makara. Ta rasa wadda za ta gode wa, ta rasa wadda za ta riƙe a zuciya, sai ta yafe musu duka ta nemi su yafe mata.

Bayan ta yi aure Allah ya ba ta haihuwa. Da namiji ne babu magana, Isiyaku za a sa masa. Sai aka samu mace. Mijinta, Sabitu, ya ce, "Ke kika sha wahala, ke za ki zaɓi suna." Ta ce a cikin ukun nan za ta yi wa ɗaya takwara. Ga su duk sun zo barka suna zaune a ɗakinta, suna karɓar jaririya hannu-hannu, gobe da safe liman zai tambayi sunan da za a raɗa, ita kuwa Barira ta dubi wannan ta dubi waccan, hawaye kawai take yi.

To, jama'a, ga Sahura da ta koya mata lissafin da ya tsayar da ita, ga Uwani da ta ɗauke mata jinya ta ɓoye mata kiran ubanta, ga Lantana da ta haɗiye mutuwa ta yi mata dariya a bakin zaure. Sunan wace ce a cikinsu ya cancanci a raɗa wa jikar Malam Isiyaku?