Katangar Tudun Kanya

An ce wani sarki aka yi a dā, wanda duk sa'ad da aka ambaci Tudun Kanya, garin kakarsa, sai tunaninsa ya koma baya. Can ya yi yarintarsa. Yakan tuna kanyar da ke zuba a bakin rafi, da tattabarun kakarsa, da rijiyar da ruwanta ke kama haƙori don sanyi. Gari ne mai daɗin zama, Allah ya jiƙan mutanensa.

To, a farkon sarautarsa waɗansu fatake suka zo daga ƙetaren teku, suka roƙi ya bar su su haƙi wani dutse mai ruwan ɗorawa a bayan garin, wai da shi ake hura wutar da ke haskaka birane. Ya yarda. Ashe dutsen nan wata guba yake fitarwa, ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. Fatake suka kwashi abin da suke so, suka bar tarin ɓaraguzai. Kafin shekara goma gashin mutane ya fara zuba, awaki suna ta ɓari, tattabaru suka daina ƙyanƙyasa. Waɗanda suka tsira suka tashi, gari ya zama kufai.

Abin ya ci ran sarki ƙwarai. Ya sa aka binne ɓaraguzan a rami mai zurfi, aka kewaye shi da katangar ƙasa mai kauri, aka sa ƙofar ƙarfe, aka sassaƙa gargaɗi a jikin dutse. Da fataken suka dawo neman dutse na biyu, wanda ke kusa da sabon garin da mutanen suka koma, sai sarki ya ga ai yanzu ya san maganin abin. Kafin ya sa musu hatimin yarda, ya kira Barmo, tsohon maginin da ya gina masa fada, don ya duba katangar. Da sunan shawara aka kira shi, amma fa yabo sarki yake jira.

Barmo ya zagaya yana dogara sanda, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, sannan ya ce, "Ya sarki, gini ya yi kyau. Shekara nawa gubar za ta yi kafin ta mutu?"

Sarki ya ce, "Masana sun ce dubbai. Katangar fa? Kai ne magini."

"In ana yi mata yaɓe bayan kowace damina, ta kai ɗari uku. In an daina, tattaɓa-kunnenka tudun ƙasa za su tarar. Ya sarki, mu magina in za mu yi gini, ina muke fara neman ƙasa?"

Sarki ya yi murmushi, don kowa ya san wannan. Ya ce, "A tsohon kango. Ƙasar da ta taɓa zama gini ta fi danƙo."

"To, ga shi an tara wa maginan nan gaba ita wuri ɗaya. Wanda kuma ya ga ƙofar ƙarfe a daji, cewa zai yi dukiya aka ɓoye."

Ran sarki ya soma ɓaci. Ya nuna dutsen gargaɗin ya ce, "Ga rubutu, kowa ya karanta."

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka tuna shekarar da muka gina fadarka? Daga kufan mutanen dā muka ɗebo ƙasa. Muka tono wani faffaɗan dutse mai zane-zane, ka tara malamai, aka rasa mai karanta shi. Me ka ce a yi da shi?"

Sarki ya tuna sarai. Shi ya ce a yi dokin ƙofar zaure da shi, shekara arba'in ke nan yana taka shi safe da yamma. Can ya tambaya a hankali, "Me aka rubuta a kansa?"

"Wallahi ban sani ba, ya sarki. Ƙila addu'a ce, ƙila gargaɗi ne irin naka. Shi ma wanda ya sassaƙa shi ya zaci ya sauke nauyi."

Sarki ya hangi kufan garin. Kanyar bakin rafi tana nan tsaye, ta yi 'ya'ya jingim, ba mai iya ɗaukar ko ɗaya ya kai baki. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye su ba.

Ranar nan ya sallami fatake hannu wofi. Ya kuma kafa doka: duk sarkin da za a naɗa, kafin rawani ya hau kansa, a kawo shi nan ya yi wa katangar yaɓe da hannunsa, ya faɗa wa jama'a da bakinsa abin da ke ƙarƙashinta. Sannan ya dubi Barmo ya ce, "Na ƙare rayuwata ina yi wa masu rai shari'a. Ashe mafi munin zalunci shi ne zaluntar wanda ba a haifa ba, domin ba shi da bakin da zai kawo ƙara."