Aku da Bushiya a Gaban Dorina

An yi wani Aku da wata Bushiya da ke zaune a bayan wata makaranta kusa da kan iyaka, inda ake koyar da Faransanci. Aku gwanin hadda ne, ga alfahari. Bushiya kuwa mai haƙuri ce. Kullum tana ƙarƙashin taga tana zana nahawu a ƙasa da tsinke, tana lura da yadda kalma ke sauyawa idan ni ce, idan mu ne, idan jiya ne ko gobe.

"Wata uku kina tonon ƙasa kamar kaza!" in ji Aku. "Ni jimla arba'in na haddace daga bakin malam."

"Idan aka nemi ta arba'in da ɗaya fa?"

"Sai ki tono mini ita!" Ya kwashe da dariya.

Da rani ya tsananta, tafkin dabbobi ya ƙafe. Ruwa ya rage a kogin hayi kawai, mai shi kuma Dorina ce, ba ta jin komai sai Faransanci. Dabbobi suka tura Aku roƙo, Bushiya ta bi shi a baya.

Aku ya yi gaisuwa tiryan-tiryan, Dorina ta ji daɗi. Sai ta tambaya, "Ku nawa ne? Yaushe za ku zo?"

Wannan ba ta cikin haddarsa. Ya lalubo wata jimla ya ce, "Ku buɗe shafi na tara."

Dorina ta yamutsa fuska. Aku ya ruɗe, ya jefo wata, "Ku yi shiru, ku zauna!"

"Ni ce zan yi shiru a kogina?" Dorina ta daka tsawa, ta juya za ta nutse.

Bushiya ta yi magana, amma muryarta ba ta kai ba. Ta raɗa wa Aku, "Yaya, ara mini muryarka. Abin da na faɗa, ka ɗaga."

A hankali ta ɗora kalma kan kalma: "Mu sittin ne. Jiya 'ya'yanmu ba su sha ruwa ba. Gobe za mu zo, in kin yarda." Aku ya ɗaga, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dorina ta dube su ta ce, "Ku zo yau."

A hanyar gida, da suka hango makaranta, Aku ya dubi Bushiya. "Ƙanwata," in ji shi, "ko kina da wani tsinken?"

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hadda tana da iyaka, amma wanda ya koyi yadda ake gina magana ba ya rasa abin faɗa ranar buƙata. Kuma kada ka raina mai koyo a hankali.