Iskar Dila da Shurin Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.
Ta zo mu sha labari.

Dila ya ce ƙarfinsa a cibiya yake, in ya hura iska sai ƙato ya faɗi. Ya hura wa Biri, Biri ya baje da gangan.

Jaki ya ce, "Malam, ba wannan Birin ke cin tuwon gidanka ba? Hura mini."

Dila ya ce, "Ba ta kama mai shakka."

Sai ga Kura. Dila ya hura mata, ta cafke wutsiyarsa. Jaki ya sakar mata shuri a muƙamuƙi, ta arce.

Dila yana haki ya ce, "Iskata ta kore ta."

Jaki ya ce, "To, bari in kirawo ta."

Ƙurunƙus, kan kusu ya rufe zance.